Gangar da Ba a Jin Ƙararta: Kyamara da Bokayen Tsaunukan Nefal

Duk shekara a cikin watan Agusta, ranar da farin wata ya cika, akwai wani hoto da yake fitowa daga ƙasar Nefal ya zagaya jaridu da shafukan intanet na duniya. Mutum ne cikin farar riga mai tattara, doguwa har idon sawu. An naɗa masa ƙyalle a ka, an soke gashin ɗawisu ko ƙayar beguwa a jiki. Ƙirjinsa ya sha ɗamarar ƙararrawa da dogayen carbuna na 'ya'yan itace, sun gitta juna. Hagunsa na riƙe da ganga mai fuska biyu ta wata doguwar mariƙa ta itace da aka sassaƙa, damansa kuma da lanƙwasasshen makaɗi. Ido a lumshe, baki a ɗan buɗe, bayansa hazo da baƙin dutse. A ƙasan hoton layi ɗaya ne tak: wani boka yana rawa a bikin Janai Purnima. Babu sunansa, babu sunan ƙauyensu, balle abin da ya hau da shi dutsen.

Hoton ba ƙarya ba ne. Mutumin ya je wurin, kayan nasa ne, rawar ma ya taka ta. Amma ka ɗauko na bana ka jera da na bara, ka ƙara da na shekara ashirin da suka wuce, da wanda Bajamushe ya ɗauka, da na Ba'amurke, da na ɗan jaridar Katmandu, sai ka rantse hoto guda ne aka yi ta wankewa. Idan masu hoto ɗari suka hau dutse ɗaya suka sauko da abu ɗaya, to lamarin ya tashi daga kawo labari, ya koma wata al'ada ta masu kyamara, mai ƙa'idojinta, da abin da take so, da abin da take kau da kai daga gare shi. Wannan al'adar nake so mu zauna mu duba.

Tafkin Gosainkunda, inda ake hawa domin wannan biki, yana gundumar Rasuwa, arewa da Katmandu, a tsayin mita 4,380 daga bakin teku, cikin gandun Langtang da gwamnati ta keɓe a 1976. Mota takan kai mutum garin Dhunche, daga nan sai ƙafa, kwana biyu ko uku ana hawa. Kuma lokacin tsakiyar damina ne: hanya na zaftarewa, matsattsaku na manne wa ƙafa a cikin kurmi, can sama kuma iskar shaƙa ta yi ƙaranci har kan mutum ya riƙa sarawa. Shi ya sa ƙungiyar ceto ta Himalaya take kafa wurin jinya na wucin gadi a bakin tafkin a kwanakin bikin. Mabiya addinin Hindu sun ce abin bautarsu Shiba ya sha guba don ya ceci duniya, maƙogwaronsa ya ɗauki zafi, sai ya soki dutsen da mashinsa mai baki uku, ruwa ya ɓulɓulo. A ranar bikin mazan da ke rataya zaren tsarki suke wanka su sauya sabo, sauran jama'a kuma a ɗaura musu zare a wuyan hannu. Dubban mutane ke hawa.

Masu gangar yawancinsu 'yan ƙabilar Tamang ne, waɗanda ƙidayar 2011 ta ce sun haura miliyan 1.5, mazauna tuddan da suka kewaye kwarin Katmandu. Da harshen ƙasar ana kiran irin wannan mutum jhankri, su Tamang kuma bombo suke cewa. Ba shi kaɗai yake hawa ba. Daga ƙauye ake tasowa ayari guda: yaransa, da wanda ke gaba riƙe da butar tsafi, da mata da maza a baya suna amshi, da masu ɗauke da shinkafa da giya da tukwane. Sabon boka yana bin maigidansa don a gabatar da shi ga ma'abota dutsen, ya samu ƙarfin da zai yi aiki da shi. Ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya suna biye da tasu buƙatar. Idan ayari ya ci karo da wani ayarin a hanya, ganguna sukan ƙara zafi, don kowane ƙauye yana so a san nasu bokan ba kanwar lasa ba ne. Irin wannan hawa ake yi a ranar a Kalinchok da ke gundumar Dolakha da wasu tsaunukan, har da kududdufin haikalin Kumbheshwar a tsakiyar birnin Patan, wanda mutanen gari suka yi imani ruwansa daga Gosainkunda yake zuwa ta ƙarƙashin ƙasa. Wasu daga cikin hotunan da kamfanonin dillancin labarai ke rabawa a nan Patan ake ɗaukar su, inda tasi ke sauke mutum. Wannan ba laifi ba ne, sai dai mai kallo a Turai tsammani yake an kwana uku ana hawan dutse.

To, biki rana ɗaya ce a shekara. Sauran kwanakin bombo manomi ne, yana noman masara da tamba da dankali a gefen tudu kamar maƙwabtansa. Aikin da ya ba shi sunan da dare ake yin sa, a cikin ɗaki. Yaro ya rame ya daina cin abinci, ko mace ta kwanta an rasa gane kanta, sai a aika a kira shi. Ya taɓa jijiyar hannu, ya ƙirga ƙwayoyin shinkafa a faranti, ya faɗi abin da ya gani: kurwa ce ta firgita ta bar jiki, ko wani mamaci ne da ba a sallama yadda ya kamata ba, ko ma'abocin wata maɓuɓɓugar ruwa aka ɓata wa rai. Daga nan a sa dare. A shirya wurin tsafi, a kunna fitila da turare, a gasa fatar ganga a wuta ta ɗaure, ya fara kiɗa yana rerawa. Haka za a kwana. Ya kira iyayen gidansa na ɓoye ɗaya bayan ɗaya, ya jero sunayen duwatsu da koguna da mararrabar hanyoyi, wuri bayan wuri, yana neman inda kurwar ta maƙale. Tsakanin wannan da wancan a huta, a sha shayi ko giya, tsohuwar gida ta jefa masa tambaya ya amsa, wani ya yi gardama, a yi dariya, yara su yi barci a jikin bango. Kafin gari ya waye a yanka kaza, a kai abin da aka kora mararraba a yar. David Holmberg, wanda ya zauna cikin Tamang na yamma ya kuma buga littafinsa a 1989, ya nuna cewa bombo ɗaya ne daga cikin masu hidima uku a ƙauye: akwai lama na addinin Buddha, mai littafi, da ke kula da mamata, akwai kuma lambu mai yanka domin ma'abota ƙasa. Hoton biki bai san da zaman sauran biyun ba, domin jikinsu ba ya rawa.

Babban abin da kyamara ke zubarwa a hanya shi ne magana. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan fage korar hasara ce, don sana'ar kanta ta baki ce da kunne. Gregory Maskarinec ya shafe shekaru yana naɗar baitocin bokayen Jajarkot a yammacin Nefal. Abin da ya tattara ya cika ƙaton littafi da jami'ar Harvard ta buga a 1998, kuma ya tabbatar cewa haddace su ake yi daga bakin maigida, layi bayan layi, shekara da shekaru. András Höfer ya yi irin wannan aiki a kan na Tamang. A cikin baitocin akwai labarin farkon duniya, da asalin cututtuka, da taswirar ƙasa sukutum. Ke nan mutumin da hoto ya nuna kamar wanda hankalinsa ya gushe, a daidai lokacin yana riƙe da ɗaruruwan layuka a ka, yana bin jerinsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen fagen bori ya san wannan. Ɗauke garaya da kirari, ka bar wa baƙo hoton jifa kawai, me ya gani? Wata mata ce ta yi tsalle ta dira da mazaunanta. Wane ne ya hau, me ya sa aka kira shi, wa ake yi wa girka, duk sun bi iska.

Sai abin da kyamarar take nema ruwa a jallo, wato karkarwa. Idan abin ya zo wa bombo, gwiwoyinsa ke fara rawa, sai kafaɗu, sai ƙararrawar jikinsa ta ɗauka. A dare guda wannan 'yan mintoci ne nan da can, amma a kundin hotuna shi ne kaso mafi tsoka. Masu sana'ar har nahawu suka ƙirƙiro masa. A rage saurin ƙiftawar kyamara don hannu da ganga su fito a dusashe, wai ruhu ke nan. A durƙusa a ɗauko shi daga ƙasa da gilashi mai faɗin gani, ya yi tsawo ya tokari gajimare. A jira sai ido ya juye fari ya fito. A mai da hoton baƙi da fari don ya yi kama da na zamanin da. Sannan a gyara gefe da gefe: a yanke lemar da wani ya riƙe masa, da shuɗiyar ledar da masu ziyara suka lulluɓa da ita saboda ruwa, da takalmin robarsa, da saurayin da ke bayansa ya ɗaga waya yana bidiyo, da sauran masu hoton da suka yi masa zobe suna ture juna. Dabarar ba sabuwa ba ce. Edward Curtis, wanda ya yi suna da hotunan 'yan asalin Amurka a farkon ƙarni na 20, ya goge agogon tebur daga wani hoto da ya ɗauka a cikin tantin mutanen Piegan, don agogo bai dace da labarin da yake son bayarwa ba. Yau ba a ma buƙatar gogewa. Matsawa taku ɗaya hagu ya wadatar.

Me ya sa wannan labarin ake so? Nefal kusan a rufe take ga baƙi har zuwa faɗuwar mulkin gidan Rana a 1951. Da aka buɗe ƙofa, masu hawan dutse da masana al'adu suka shigo da yunwar ganin abin da ba su taɓa gani ba. Christoph von Fürer-Haimendorf na jami'ar Landan yana cikin na farko-farko, daga 1953, ya kuma bar dubban hotuna. A 1951 ɗin nan ne Mircea Eliade ya buga littafinsa a kan bokancin Siberiya da sauran sassan duniya, wanda ya cusa wa Turawa ra'ayin cewa wannan ita ce daɗaɗɗiyar hanyar ɗan Adam ta saduwa da gaibu, kuma fita hayyaci ce zuciyarta. Matasan Turai da Amurka da suka yi tururuwa zuwa Katmandu a shekarun 1960 da 1970 da irin wannan tunani suka zo. Mutumin farkon duniya suke nema, kyamara kuwa abin da aka aike ta shi take kawowa. Ba wanda ya aike ta ta ɗauko cewa dokar ƙasar ta 1854 ta sa Tamang a rukunin mashaya giya da ya halatta a bautar, ko cewa masu mulkin Katmandu sun mai da su 'yan dako da 'yan aikin tilas. Har gobe, jakar kyamarar da ke hawa Gosainkunda sau da yawa a bayan ɗan Tamang take hawa. Ba abin mamaki ba ne ɗan dakon ya kasance ƙanen bokan, amma shi ba ya shiga hoto.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A ganina, aikin da ya fi kowanne cancanta a wannan fage shi ne na Bajamushen nan Michael Oppitz a cikin Magar na arewa, a ƙauyen Taka da kewayensa, ƙarƙashin tsaunin Dhaulagiri. Ya ɗauki fim ɗinsa a ƙarshen shekarun 1970, ya sa masa suna Shamans of the Blind Country, ya haɗa da littafin hotuna a 1981. Fim ɗin ya kusa awa huɗu. Mai gaggawa zai ce ya yi tsawo, ni kuwa a tsawon nake ganin gaskiyarsa. Kana kallon yadda ake shiga daji a zaɓi itacen ganga, a sare, a lanƙwasa, a ja fata a kai. Kana kallon majinyaci da danginsa, da jira, da gajiya, da bokayen suna zolayar juna. Ana fassara abin da ake rerawa, mutanen kuma suna da sunaye. Akwai wurin da kowa ke ambato, inda ake rufe wa sabon boka ido, ya hau dogon itacen da aka kafa a fili, a bar shi can sama shi kaɗai jama'a na kallo. Kafin a kai nan, mai kallo ya riga ya san wanda ke saman, ya san wa ya gada, ya ga wahalar da aka sha a kansa. Da a ce hoton itacen kaɗai aka miƙo maka, abin mamaki ne kurum, ka duba ka wuce. Bayan ka yi awanni tare da mutanen, sai gabanka ya riƙa faɗuwa saboda shi. Oppitz bai tattara kayansa ya nemi wata ƙabilar mai ban mamaki ba. Ya ci gaba da bin ganga ɗaya tilo daga kwari zuwa kwari a faɗin Himalaya, har ya fitar da mujalladi biyu a kanta a 2013.

Amma ko wannan aikin lokaci ya yi masa gyara. Yankin da aka ɗauke shi, Rukum da maƙwabciyarta Rolpa, nan ne yaƙin 'yan gurguzu masu bin aƙidar Mao ya ɓarke a Fabrairun 1996, ya ci shekara goma da rayuka fiye da 13,000. Tsarar 'ya'yan waɗanda suka yi amshi a fim ɗin su ne suka ɗauki bindiga ko suka tsere. Samarin tuddan Nefal suka kwarara Katar da Saudiyya da Maleshiya aikin ƙarfi. Coci-coci suka yawaita a ƙauyukan Tamang. Ma'aikatan lafiya suka riƙa tara bokaye suna koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari, da gane cutar da ta fi ƙarfinsu don su tura asibiti. Duk wannan yana cikin rayuwar mai gangar nan, wataƙila ma kuɗin motar Dhunche ɗansa ne ya turo daga Doha. Hoton da ya tsai da shi shi kaɗai cikin hazo, kamar ba a taɓa yin 1996 ba, tarihinsa ya sace masa.

Akwai kuma batun ɓarna. Misalin da ya kamata duk mai wannan sana'a ya sani ba a Nefal ya faru ba, a tsaunukan Oaxaca ne na ƙasar Meziko. A Yunin 1955 wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, da abokinsa mai hoto, Allan Richardson, suka samu shiga zaman dare na wata mai magani 'yar ƙabilar Mazatec, María Sabina, a garin Huautla de Jiménez, inda ake cin wani naman kaza mai gusar da hayyaci don gano cuta. Richardson ya ɗauki hotuna da filasha cikin duhu. Wasson da kansa ya rubuta cewa matar ta roƙa kada a nuna hotunan sai ga amintattu. A Mayun 1957 mujallar Life ta buga labarin da hotuna ga miliyoyin masu karatu. An sauya mata suna, an ɓoye sunan garin, amma fuska ba ta ɓuya. Cikin 'yan shekaru baƙi suka cika garin neman maye, 'yan sanda suka biyo sawunsu, mutanen gari suka ɗora mata laifi, aka ƙone gidanta. Ta rasu a 1985 cikin talauci, bayan ta faɗa cewa ƙarfin abin ya tafi tun zuwan baƙi. Yau fuskarta tana kan rigunan da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido.

Mu ma abin ya taɓa zuwa kusa da mu. A 1954 Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin 'yan Hauka a bayan garin Ankara ta ƙasar Gana, wadda a lokacin take hannun Ingila. 'Yan ci-rani ne daga Nijar, iskokin da ke hawansu kuma manyan Turawan mulkin mallaka ne, su gwamna da janar. Su da kansu suka gayyace shi. Fim ɗin ya nuna kumfa a baki, da juyayyun idanu, da cin naman kare. Da aka nuna shi a Faris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke zauren suka fusata don sun san yadda Turawa za su karanta shi, hukumomin Ingila kuma suka hana nuna shi a yankunansu. Rouch ya yi sharhi a kai, ya kuma rufe da nuna mutanen nan washegari a bakin aikinsu, lafiya lau, suna murmushi. Fim ɗin ya ci kyauta a Venice a 1957. Duk da haka, a 1965 Ousmane Sembène ya faɗa masa ido da ido cewa kallon ƙwari yake yi wa 'yan Afirka. 'Yan Hauka sun ba da izinin ɗauka, amma ba su san zauren Faris ba, ba su san wa zai zauna a ciki ba. Bombon da ya gyaɗa kai a bakin tafki shi ma bai san bangon da za a rataye shi ba.

Kada a ɗauka cewa nake a rataye kyamara. Janai Purnima ba asiri ba ne. Bombo bai soke gashin ɗawisu don ya ɓuya ba. Ya yi ado ne don ma'abota dutse su gan shi, abokan hamayya su gan shi, masu neman magani su gan shi su riƙe sunansa. Wanda ya ɗauki mutanen nan a matsayin bayin Allah da ba su san komai ba, waɗanda kullum cutarsu ake yi, shi ma raina su ya yi. Sara Shneiderman, wadda ta yi bincike cikin ƙabilar Thangmi ta Dolakha da Darjeeling ta Indiya, ta kuma buga littafinta a 2015, ta nuna yadda na ɓangaren Indiya suka riƙa ɗaukar bidiyon bokayensu da kansu, don su kafa wa gwamnati hujja cewa su ƙabila ce mai al'adarta, a ba su matsayin da doka ta tanada. Yanzu kuwa waya ta shiga hannun kowa. YouTube da Facebook cike suke da bidiyon da 'yan ƙauye suka ɗauka don 'yan'uwansu da ke ƙasashen Larabawa. Ka buɗe ɗaya ka gani. Dogo ne, hannu na rawa, ba a yanke lema ba, wani na ƙwala wa wani kira da sunansa, gangar na ƙara har lasifikar waya na kakari. Babu mai rataye shi a gidan nune-nune, amma ya fi kyawawan hotunan nan faɗin abin da ya faru a ranar.

Inda kuɗi ya shigo ne abin ya fara juyawa. Kamfanonin yawon buɗe ido a unguwar Thamel ta Katmandu suna tallan tafiya Gosainkunda daidai da cikar wata, don a ga bokaye. Akwai masu shirya wa baƙi kwas na 'yan makonni na koyon bokanci. Mariƙar ganga, wadda ake sassaƙa wa ƙarshe mai kaifi uku, ana raba ta da gangar a sayar wa masu tara kayan tarihi a Turai. Kalinchok ma yanzu akwai motar igiya mai kai mutum kusa da ƙololuwa. Hoto shi ne tallan duk waɗannan. Kuma bokaye ba makafi ba ne, suna ganin wanda gilashi ke bi: mai cikakken gashi, mai sabuwar riga, mai zafin karkarwa. Tsohon da ƙauye ya fi amincewa da shi, mai yagaggen kaya, wanda ke kiɗansa a hankali a gefe, ba mai waiwayarsa. Ina jin tsoron a hankali biki ya fara kwaikwayon hotonsa.

Wani abu kuma da masu sha'awar gashin ɗawisu ba sa son ji. Bakin da ke kiran kurwa ta dawo, shi ne wani lokaci yake nuna wata mata ya ce ita ce mayyar da ta kama yaro. A Nefal boksi ake ce wa wadda aka yi wa wannan ƙazafi, kuma akasari bazawara ce, ko tsohuwa, ko matalauciya. A Fabrairun 2012 aka ƙone wata bazawara da ranta a gundumar Chitwan bayan wani boka ya nuna ta, a 2015 kuma majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman da ta mai da zargin maita laifi. Ni da mafi yawan masu karanta wannan rubutu ba mu yarda da abin da bombo ke kira ba, addininmu ya raba mu da shi. Amma ba sai ka yarda da mutum za ka yi masa adalci ba, adalci kuwa ya haɗa da nuna shi yana kwana a kan ɗan maƙwabcinsa ba don wani abin kirki da za a biya shi ba, ya kuma haɗa da nuna matar da aka nuna da yatsa. Hoton biki ya kasa duka biyun. Tsohon ɗan mishan yana ɗaukar boka don a tsorata, mai hoton yau yana ɗaukarsa don a yi sha'awa, kuma idan ka cire bayanin da ke ƙasa, da wuya ka bambance na wane ne.

Ranar 25 ga Afrilun 2015 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta kashe mutum kusan 9,000 a Nefal. A gundumar Rasuwa ɗin nan, ƙanƙara da duwatsu suka zaftaro suka binne ƙauyen Langtang, fiye da mutum 200 suka mutu. Bayan haka waɗanda suka tsira da abokansu suka shiga tattara tsofaffin hotunan kwarin daga hannun baƙin da suka taɓa wucewa. A nan aka ga wane hoto ke da amfani: wanda ake gane fuska, ake gane gida, aka rubuta shekara da suna. Tun 2011 wata ma'adanar hotuna a Katmandu, Nepal Picture Library, take tara kundayen iyalai na gida-gida bisa irin wannan fahimta. Hoton da aka rubuta wa "wani boka" ba a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a mai da shi ba.

Matasanmu yanzu suna da kyamarori masu kyau, suna zuwa buɗin daji a Masalata kusa da Birnin Ƙonni, suna shiga ƙauyukan Maguzawa, suna hawa tuddan Mandara. Na lura wasunsu sun fara kawo mana irin hoton nan sak: juyayyen ido, ƙura, babu suna. Roƙona gare su shi ne su isa tun jajibiri su kwana, su tambayi mutum sunansa da na garinsu, su faɗa masa inda za a sa hoton, su kunna naɗar murya tare da kyamara. Idan aka ce a nan ba a ɗauka, su mai da ita jaka. In an wanke, a aika wa mai shi kwafinsa.